Kayan Da Malami Ya Ɗora: Horo Ne Ko Zalunci?



Maganar da na kawo muku a wannan fitowa ta taso ne daga tsakar gidanmu a zangon Kumasi, wani daren Juma'a, sa'ad da ƙanena ya dawo daga jami'a ya yar da jakarsa a bakin ƙofa, ko takalmi bai cire ba ya ce, "Yaya, wallahi mutumin nan azzalumi ne." Mma tana zaune tana tsince waken da za ta dafa waakye da asuba, ta ɗago kai ta ce ya nemi gafarar Allah, ba a faɗa wa malami irin wannan magana. Ni kuwa da nake cin abinci da alli da allo, ban ko tsaya jin ƙarshen zancen ba na goyi bayan Mma, na ce masa ragwanci ne ke damunsa. Ya dube ni, ya buɗe jakar, ya miƙo mini takardu, ya ce, "To Yaya, karanta ka gani."

Mutumin da yake nufi farfesan lissafi ne da ke koyar da su a shekarar farko. Ba zan faɗi sunansa ba, ba kuma zan faɗi jami'ar ba, don ba shari'arsa na zo yi ba. Abin da na gani a takardun shi ne, kowace Litinin yakan ba su tambayoyi 40, a kawo masa amsa ranar Juma'a. Ƙanena ya ce mafi sauƙinsu na cin rabin awa. Ko da a ce duka masu sauƙin ne, awa 20 ke nan a mako, a kan kwas ɗaya daga cikin shida da yake ɗauke da su. Abin da aka saba a jami'o'i da yawa shi ne, awa ɗaya a aji, awa biyu na nazari a gida. Darasin farfesan awa uku ne a mako, ashe haƙƙinsa awa shida, amma yana karɓar fiye da ninki uku. Ga kuma gwajin ba-zata da yakan yi da ƙarfe bakwai na safe, wanda ya makara ya tarar an rufe ƙofa.

Duk da haka ban sauka daga ra'ayina a wannan dare ba, kuma ina da dalili. A cikin tambayoyin akwai wadda har ni malamin Larabci na fahimci abin da ake nema. An ce a kawo hujja cewa babu wata lamba mai sama da ƙasa, irin 7/5, wadda in an ninka ta da kanta za ta ba da 2 cif. Ƙanena ya gwada 7/5 ya sami 1.96, ya gwada 17/12 ya sami abin da ya ɗara 2 da ɗan kaɗan, ya ga in gwaji ne har ya tsufa ba zai gama ba. A sakandare an saba masa da haddace ƙa'ida a zuba lambobi a ciki, amsa ta fito. Nan kuwa ana so ne ya ƙaddara cewa akwai irin wannan lamba, an kuma rage ta har ba ta ƙara raguwa, sa'an nan ya nuna cewa tilas ta saman ta rabu biyu daidai, daga nan tilas ta ƙasan ma ta rabu biyu, alhali an ce ba ta raguwa, maganar ta ƙaryata kanta. Girkawa sun san wannan hujja fiye da shekara 2000 da suka wuce, kuma ba ta fi layi shida ba a rubuce, amma kwana biyu ya yi kafin ta zauna masa a kai. Na ce masa wannan ai i'irabi ne. Yaro na iya jin cewa rufu'a ce ta dace da ƙarshen kalma, amma sai ya faɗi dalili, ya ce fa'ili ne ko mubtada'i, sa'an nan mu ce ya san nahawu. Irin wannan sani ba ya shiga ta kunne, ta hannu yake shiga.

Duk wanda ya zauna gaban malami ya karanci rabon gado ya san haka. Za a gaya maka cewa in mutum ya rasu ya bar mata da 'ya'ya mata biyu da uba da uwa, matar tana da tumuni, 'ya'yan sulusi biyu, uba da uwa kowanne sudusi, ka gyaɗa kai ka ce ka gane. Sai ka ɗauki alƙalami ka tara, ka ga kason ya kai 27 cikin 24, dukiyar ba ta isa ba, sa'an nan ne za ka san abin da ake nufi da awlu, da yadda tumunin matar yake komawa ɗaya cikin tara. Al-Khawarizmi, wanda ya rubuta littafinsa a Bagadaza wajen shekarar 820, littafin da kalmar aljabra ta fito daga sunansa, ya cika wani babban sashe nasa da mas'alolin wasiyya da gado, ɗaya bayan ɗaya, kowace da warwararta. Ashe farfesan da ya yawaita tambaya ba bidi'a ya ƙago ba.

Bayan mako biyu na haɗu da wata baiwar Allah, yayarmu a unguwa, wadda ta yi karatu a hannun wannan farfesa shekarun baya, yanzu ita ma tana koyar da lissafi. Da na ambace shi sai fuskarta ta saki. Ta ce a duk malamanta shi kaɗai take yi wa addu'a da suna, ta ce ta yi kuka a kan tambayoyinsa ba sau ɗaya ba, amma duk abin da take koyarwa yau daga wurinsa ta samo. Na koma gida ina jin na ci nasara a kan ƙanena.

To, amma 'yan'uwa, mutum ɗaya ne, tambayoyin ma kusan su ne dai, me ya sa ɗaya ke yi masa addu'a, ɗaya ke kiransa azzalumi?

Amsar da ta fara zo mini ita ce bambancin hali. Farfesa yana auna kayansa ne da ɗalibin da ke kwana a cikin jami'a, wanda ba shi da wani aiki sai karatu. Ƙanena kuwa da asuba yake tashi ya kai wa Mma tukwane bakin titi, ya shiga trotro biyu kafin ya isa aji, ya dawo da dare ɗakin da mutum huɗu ke kwana, in an ɗauke wuta ya yi aiki da hasken waya. Muna da labarin Mu'azu ɗan Jabal, Allah Ya yarda da shi, da ya ja mutanensa sallar isha'i da Suratul Baƙara, wani mutum da ya wuni yana aikin ban ruwa ya kasa jurewa ya ware ya yi tasa shi kaɗai. Da maganar ta kai ga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, Mu'azu ya yi wa faɗa, ya umarce shi da gajerun surori, saboda a bayansa akwai tsoho da mai rauni da mai buƙata. Karatun Mu'azu babu kuskure a cikinsa, kuma Alƙur'ani yake karantawa, amma bai waiwaya ya ga su wa ke bayansa ba.

Sai dai wannan amsa ba ta gamsar da ni gaba ɗaya ba. Salla gajera salla ce cikakkiya, amma lissafi rabi ba lissafi ba ne. Wanda zai gina gada ko ya auna magani, ba za a ce a sassauta masa don ɗan zango ne ba, kuma ni kaina ba na son a ba ƙanena takardar shaida ta tausayi. Mun sha raini a ƙasar nan a kan cewa yaran zango ba su iya boko ba, ba mu ne za mu je mu roƙi a rage mana ma'auni ba. Yayar tamu ma ai a zango ta tashi, trotro ɗin ta hau.

Sai da na sake komawa wurinta na tambaye ta yadda abin yake a zamaninsu, sa'an nan na ga inda gizo ke saƙa. Ta ce ba su kai 60 ba a aji. Takardar da suka bayar ranar Juma'a tana dawowa ranar Talata ja wur da tawada, farfesa ya bi ta layi layi, ya nuna daidai inda hujja ta karye, wani lokaci ya rubuta a gefe cewa ta zo ofis ta same shi. Na tambayi ƙanena. Ya ce sun kusa 300. Tambaya 40 sau 300, amsa 12,000 ke nan a mako, babu ɗan Adam da zai karanta su. Masu bautar ƙasa ne biyu ke zaɓar tambaya uku su duba, sauran a ƙirga ko an cika shafi, a sa maki. Takardar ba ta dawowa. Ya yi wata uku yana rubuta hujjoji bai san wacce ta tsaya wacce ta faɗi ba.

A nan ne ya sunkuyar da kai ya gaya mini abin da bai gaya wa Mma ba. Ya ce daren Alhamis mutum biyar ko shida ne ke warware tambayoyin, a ɗauki hoton amsa a tura ta WhatsApp, ajin duka ya kwafa, wasu kuma su ba manhajar waya ta yi musu. Ya ce, "Yaya, ni ma tun mako na huɗu nake kwafa." Laifinsa nasa ne, na kuma gaya masa haka ba tare da sakaya ba, ha'inci ha'inci ne ko a kasuwa ko a takarda. Amma na tuna Ibn Khaldun, wanda ya rubuta Muƙaddimarsa a shekarar 1377, ya ware babi a kan cewa tsanantawa tana cutar da masu koyo, tana kashe musu himma, tana koya musu ƙarya da yaudara don gudun hukunci. Yaron da bai taɓa ɓoye wa Mma ko sidi ɗaya na ciniki ba, ga shi aji ɗaya ya mai da shi mai kwafa cikin wata guda.

Abin da na tsaya a kai ke nan. Yawan aiki shi kaɗai ba ya mai da malami azzalumi, kamar yadda ƙarancinsa ba ya mai da shi mai tausayi. Aikin gida alkawari ne tsakanin mutum biyu: kai ka rubuta, ni in karanta in gyara. Farfesan da yayarmu ta sani yana ɗora kaya yana kama gefe ɗaya. Wanda ƙanena ya tarar, kayan na nan yadda suke, amma ya saki nasa gefen, wataƙila ba da son ransa ba, don ba shi ya tara mutum 300 a ɗaki ɗaya ba. Sai dai shi ke rubuta adadin tambayoyin, kuma ya san ba za a karanta su ba. Kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski.

Laifi tudu ne. Ina cikin wannan tunani sai na tuna da kaina. Ina da aji huɗu, ɗalibai wajen 180, kuma tun da na fara aiki nake ba su jumla 30 su yi i'irabi kowane mako, ina alfahari da cewa ni ba malamin wasa ba ne. Jumla 5,400 ke nan. Yadda nake dubawa kuwa, in buɗe littafi, in ga shafi ya cika, in ja jan biro, in sa hannu. Na ɗebo littattafan aji biyu na zauna na karanta su da gaske, karo na farko. Kuskure ɗaya na gani yana yawo a littafi goma sha, har da ɗigon da aka manta a wuri ɗaya. A littafin wata yarinya, cikin aikin wata biyu da suka wuce, a wurin jumla ta 19, ta rubuta da ajami, da Hausa, cewa Malam ba ya karanta wannan. A ƙarshen shafin ga jan birona, ga sa hannuna, har na rubuta mata yabo.

Ban kira ta na tsawata mata ba, me zan ce? Na mai da jumlolin takwas, ina kuma karanta kowacce, abin da ke cinye mini daren Asabar da na Lahadi. Ba a yi wata ba wani uba ya zo makaranta da kansa, ya ce, "Ustaz, an ce ka daina ba yara aiki, mu a zamaninmu ba haka aka koyar da mu ba." Na nuna masa littafin ɗansa da gyare-gyaren da ke ciki, ya jujjuya shafukan, ya ce shi dai ya fi son 30 ɗin. Shugaban makaranta ma ya tambaye ni ko lafiya.

Shi kuwa ƙanena, mun yi da shi cewa ya daina kwafa, ya ba da abin da ya yi da hannunsa kaɗai. Yakan gama 12, wani mako 15, sauran shafin ya bar shi fari. Makinsa na aikin gida ya faɗi ƙasa da na masu kwafa, kuma in jarrabawar ƙarshen zango ba ta ɗaga shi ba, sai ya maimaita kwas ɗin, a sake biyan kuɗi daga tukunyar Mma. Ni na ba shi wannan shawara, ba kuma ni zan biya ba. Na sa shi ya rubuta wa farfesan takarda cikin ladabi, shi da abokansa uku, suna roƙon a dawo musu da takardunsu ko da tambaya uku ɗin nan ce da gyaranta. Sun miƙa ta mako uku da suka wuce. Jiya da dare Mma ta tambaye shi ko malamin ya amsa, ya ce tukuna.