Amfilifayar da Aka Gyara, Ita Ce Ta Jiya?

Amfilifayar gita, wato na'urar da ke karɓar ɗan sautin da tsirkiya ke bayarwa ta ƙarfafa shi har ya cika fili, galibi tana da allo a cikinta wanda aka shimfiɗa wa siraran hanyoyin jan ƙarfe domin wuta ta bi. Kamfanin Marshall, wanda ya fara ƙera amfilifaya a Landan a 1962, ya koma ga irin wannan allo a farkon shekarun 1970. A na'urori masu bawul, wato kwalaben gilashi da ke ƙara ƙarfin sauti, wutar kan haura bolt 400, kuma idan wani wuri ya ƙone, allon kan zama gawayi, gawayin kuwa yana ratsa wuta, don haka dole mai gyara ya kankare baƙin gaba ɗaya, ya cike ramin da ƙaro mai tauri, ya haɗa hanyar da ta yanke da 'yar waya da dalma.

A nan tambayar da Fulutak, marubucin Girka, ya kawo game da jirgin ruwan Tesiyas ke tasowa: idan aka yi ta sauya katakon jirgi ɗaya bayan ɗaya, jirgin na nan ko wani ne daban? Aristotal, da Ibn Sina a bayansa, sun bambanta madda, abin da aka yi abu da shi, da sura, tsarin da ya mai da shi abin da yake. Bisa wannan, wayar da ta maye gurbin ƙonanniyar hanya ba ta taɓa asalin na'urar ba, tunda wuta na bin tafarkin da maƙerin ya tsara mata, kuma wannan ra'ayi yana da ƙarfi.

Sai dai akwai wurin da ya gaza. Kafasita, ɗan ma'ajin wutar da ke tace ta, yana bushewa da shekaru, sautin ya yi laushi da ɗan gurnani, makaɗi kuwa ya saba da wannan murya har ya ɗauke ta a matsayin tasa. Idan aka sa sabo, na'urar ta koma yadda masana'anta ta nufa, amma mai ita kan ji kamar an ba shi baƙuwa. Saboda haka mai gyara na ƙwarai ba ya sauya abin da bai zama haɗari ba sai ya tambayi makaɗin wace murya yake so a dawo masa da ita, ta ranar da aka ƙera ta ko wadda ya yi shekaru yana kiɗa da ita.