Shin Mai Ajiyar Kayan Sata Zai Iya Wa'azin Amana?

A ranar 14 ga Janairun 2011 Zainul Abidin Ben Ali ya tsere daga Tunisiya zuwa Saudiyya, bayan shekara 23 yana mulki. Da aka fara bin diddigin dukiyar iyalinsa, sai aka ga abin da ya fi ƙarfin baki. Wani bincike da Bankin Duniya ya fitar a 2014 ya nuna cewa kamfanoni 220 masu alaƙa da iyalin ne ke kwashe kashi 21 cikin 100 na ribar da kamfanoni masu zaman kansu ke samu a ƙasar. Abin mamakin shi ne, Tunisiyar nan ta Ben Ali tun a 2008 ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta yaƙi da cin hanci da rashawa, kuma manyan hukumomin ba da lamuni na duniya sun daɗe suna yaba mata kan tafiyar da tattalin arziki.

Wannan labari ya bar mana tambaya mai nauyi. Idan ƙasashe masu arziki suka zo suna koya wa ƙasashen Larabawa yadda ake mulki a buɗe, alhali a bankunansu ake ɓoye abin da aka sace, shin wa'azin nasu na da daraja?

Haɗin gwiwar da ake magana a kai ya ɗan kwana biyu. A 2005 aka ƙaddamar da wani shiri na gyaran aikin gwamnati tsakanin ƙasashen Larabawa da ƙungiyar OECD, a wani taro da aka yi a gaɓar Tekun Lut da ke Jodan. Taron farko na ƙasashen da suka shiga yarjejeniyar yaƙi da rashawa ma a Jodan aka yi shi a 2006, kuma a Doha aka amince a 2009 da tsarin da ƙasashe za su riƙa duba aikin juna. Sai kuma ƙawancen buɗaɗɗiyar gwamnati, wato OGP, wanda Jodan ta shiga a 2011, Tunisiya a 2014, Maroko a 2018. An yi dokoki: Jodan ce ta fara kafa dokar 'yancin samun bayanai a ƙasashen Larabawa a 2007, Tunisiya ta yi tata a 2016, Labanan a 2017, Maroko a 2018.

Masu shakku kan ce duk wannan ado ne don a faranta wa mai ba da bashi. Suna da hujja a hannu. Kwanaki kaɗan bayan faɗuwar Ben Ali, Suwizalan ta daskarar da kuɗin Suwis kimanin faran miliyan 60 na shi da makusantansa. Dokar ƙasar ta ƙayyade irin wannan umarni ga shekara goma, wa'adin kuma ya cika a Janairun 2021 alhali abin da ya koma Tunisiya bai wuce 'yan miliyoyi ba. Ƙaramar ƙasa irin Labanan ce ta mayar da dala miliyan 28.8 daga asusun matarsa, Laila Trabelsi, tun a 2013. Mai karatu a Najeriya ya san wannan jira, domin wani kaso na kuɗin da aka danganta da Abacha, sama da dala miliyan 320, sai bayan kusan shekara ashirin da rasuwarsa ya dawo daga Suwizalan ɗin.

Hausawa na cewa idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Shugaban da ya wawure baitulmali ba ya haƙa rami a bayan gida ya binne miliyoyin daloli. Yana buƙatar banki da zai karɓa ba tare da tambaya ba, da lauya da zai kafa masa kamfanin da babu sunansa a kai, da dillalin da zai saya masa gida a birnin da babu mai ce masa ina ka samo. Ranar shigar kuɗin sa hannu ɗaya ya wadatar. Ranar fitarsa kuwa sai an kawo hukuncin kotu da ke nuna asalin kowane kwabo, daga ƙasar da mai satar ya riga ya lalata kotunanta. Gaskiya ne doka ba ta yarda a ƙwace dukiyar mutum babu shaida, kuma kotunan Tunisiya sun yi nasu jan ƙafar. Amma ƙofar da ke buɗe wa mai shiga, ta cije wa mai fita, da gangan aka sassaƙa ta haka.

To, shin wannan ya isa a ce a watsar da nasihar? A ganina bai isa ba. Munafuncin mai magana ba ya mayar da gaskiya ƙarya. Likita mai shan taba idan ya ce taba na kisa, bai yi ƙarya ba. Kuma binciken masu mulki ba baƙon abu ba ne ga Larabawa. Tun zamanin daulolin Musulunci na farko akwai Diwanul Mazalim, inda talaka ke kai ƙarar gwamna ko jami'in haraji, kuma Maroko ta sake kafa hukuma da wannan suna a 2001. Shugaban da ya ce bayyana kasafin kuɗi al'adar Turawa ce, tarihin gidansu yake musantawa don ya kare aljihunsa.

Inda gizo ke saƙar shi ne wa ake yi wa bayanin. Gwamnati na iya cika takardu, ta aika rahoto Faris ko Washinton a kan kari, amma ɗan ƙasa da ya je ofis yana tambayar nawa aka kashe a kan asibitin garinsu a kore shi. Irin wannan buɗewa ta baƙo ce. Bashin bayani kuwa mai dukiya ake biya, mai dukiyar nan kuma shi ne talakan da ake cire wa haraji. Tunisiya ta nuna fuskokin biyu. Bayan juyin juya hali, ƙungiyoyin matasa irin su I Watch da Al Bawsala sun riƙi dokokin da hannu bibbiyu, suna wallafa wa ya halarci zaman majalisa, wa ya kaɗa wace ƙuri'a, ina kuɗin ƙananan hukumomi suka tafi. A nan dokar ta yi rai domin masu gida sun ɗauke ta tasu. Amma bayan Shugaba Kais Saied ya dakatar da majalisa a ranar 25 ga Yulin 2021, a watan Agusta aka rufe ofishin hukumar yaƙi da rashawa ta ƙasar, kuma babu wata yarjejeniyar ƙasa da ƙasa da ta iya hana hakan. Abokin waje na iya taimakawa a gina rumbu, amma tsaronsa na masu gida ne.

Saboda haka ma'aunin adalci a wannan haɗin gwiwa guda ɗaya ne: kowa ya buɗe abin da ke hannunsa. Gwamnatocin Larabawa su buɗe wa jama'arsu kasafin kuɗi, da kwangiloli, da kadarorin masu riƙe da muƙamai. Ƙasashen da ke ba da shawara su buɗe sunayen ainihin masu kamfanoni da gidaje a biranensu, su hukunta bankin da ya karɓi abin da ya san ba na halak ba ne, su sauƙaƙa hanyar mayarwa. Wannan ba alfarma ba ce, domin babi na biyar na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ya ɗauki mayar da kadarorin sata a matsayin ginshiƙi, kuma ɓangarorin biyu sun sa hannu a kai.

Mai ajiyar kayan sata zai iya faɗin gaskiya, kuma ya kamata a saurari gaskiyar. Sai dai ba zai zama malamin amana ba sai ya fito da abin da ke ɗakinsa. Matashin Tunisiya da ke neman aiki yau yana da haƙƙin ya tambayi gwamnatinsa ina kuɗinsa, yana kuma da haƙƙin ya yi wa bankin da ke ƙetaren teku wannan tambayar.