Fatawa: Hukuncin Zama Gaban Zane Don Nazarin Kai

Tambaya

Wani ɗalibi daga cikin garin Bauchi ya rubuto yana cewa: "Allah gafarta Malam, malaminmu na zane ya koya mana mu zauna shiru gaban zane guda na minti goma ko fiye, muna lura da numfashinmu da abin da ke taso mana a zuci. Ya ce hanya ce ta sanin kai da samun natsuwa. Na gwada, na kuma amfana, amma abokina ya ce ɗabi'ar masu bautar gumaka ce. Shin ya halatta? Kuma zan iya yin haka a ginin kabarin Tafawa Ɓalewa ko gaban zanen duwatsun Geji?"

Amsa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Wannan zama ya halatta, matuƙar abin da ake kallo halal ne a kalle shi, ba a girmama shi irin girmamawar ibada, kuma ba a mayar da zaman wata sabuwar ibada ba. Tsoron abokin mai tambaya yana da tushe, sai dai ya kai hukunci inda malamai ba su kai shi ba.

Dabarar ta fito ne daga gidajen adana zane na Turai da Amurka, inda aka lura baƙi wucewa kawai suke yi. Wani bincike da aka yi a gidan Metropolitan na birnin New York, aka wallafa a 2001, ya nuna matsakaicin tsayuwar mutum gaban zane kimanin daƙiƙa 27 ce. Sai aka shiga koya wa mutane kallo a tsanake, aka haɗa shi da tsarin tattara hankali da Jon Kabat-Zinn ya fara a 1979 a Jami'ar Massachusetts domin masu fama da ciwo da damuwa. Shi kuwa ya aro shi ne daga mabiya addinin Buda, ya cire masa aƙidarsu. Ke nan abokin bai ƙirƙiri maganarsa ba. Amma ƙa'idar malamai ita ce asalin al'adu halacci ne, kuma fitowar abu daga hannun waɗanda ba Musulmi ba ba ta haramta shi, sai in alama ce ta addininsu. Ramin da aka haƙa a Madina a shekara ta 5 bayan hijira dabarar Farisawa ce da Salmanul Farisi ya kawo, Annabi (SAW) kuma ya karɓa. Zama shiru, duban abu da kyau, da lura da numfashi ba mallakar wani addini ba ne.

Hukuncin ya fi rataya ga abin da ido ya tsaya a kansa. Malaman Malikiyya, kamar yadda Shehu Ahmad Dardir ya fayyace a sharhinsa na Muhtasar Halil a babin walima, sun kasa sura gida uku. Na farko, surar mai rai wadda ke da jiki da inuwa, mai cikakkun gaɓoɓi, wato mutum-mutumi: yin ta haramun ne, kallonta ma haramun ne. Na biyu, surar mai rai da aka zana a bango ko takarda ko tufa, wadda ba ta da inuwa: yin ta makaruhi ne, kallonta bai kai haramun ba. Na uku, surar abin da ba shi da rai, kamar itace da dutse da gini da zayyana: halal ce. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Ibn Abbas ya shawarci wani mai sana'ar zane ya koma zana itatuwa da abubuwa marasa rai. Wasu manyan malamai, irin su Imam Nawawi na Shafi'iyya, sun haramta yin surar mai rai ko da ba ta da inuwa, don haka wanda ya ƙaurace mata gaba ɗaya yana da magabata, kuma ba a zarginsa. Zanen tsiraici kuwa babu saɓani a kansa, domin umarnin runtse ido a Suratun Nur ya haɗa da shi.

Ɗan Bauchi bai rasa abin kallo na gida na uku ba. Akwai zayyanar da alaramma ke yi wa allon sauka, da adon da marubuta Alƙur'ani na hannu ke sawa a farkon izu, da aska takwas a ƙirjin babbar riga, da dagi a bangon zaure. A Kafin Madaki akwai gidan Madaki da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina wajen 1860, shi ne kuma maginin tsohon masallacin Juma'a na Zariya. Wanda ya zauna ƙarƙashin bakan gizon ginin yana bin jerin azara da ido yana kallon ƙwarewar da Allah Ya ba ɗan Adam ne, kuma hadisin Muslim ya tabbatar cewa Allah Yana son kyau.

Zanen Geji na shanu da sauran dabbobi da mutane a jikin dutse yana gida na biyu. Ya halatta a je a gani, a kuma yi tunanin waɗanda suka zana shi suka shuɗe, kamar yadda aya ta 9 a Suratur Rum ta kwaɗaitar da tafiya a bayan ƙasa don duban ƙarshen mutanen farko. Amma idan mai tambaya zai riƙi wani abu da zai dinga zama gabansa kullum, ya zaɓi marar rai. Dalili shi ne abin da Buhari ya kawo daga Ibn Abbas game da gumakan da aka ambata a aya ta 23 ta Suratu Nuh: sunayen salihan bayi ne, aka kafa musu alamu don tunawa, da zamani ya tura ilimi ya gushe sai aka bauta musu. Yawan zama cikin ƙanƙan da kai gaban fuskar mutum ƙofa ce da shari'a ta fi son a rufe, ko da fuskar ta shehi ce ko ta mahaifi.

Akwai kuma iyaka tsakanin wannan zama da salla. An ba Annabi (SAW) wani mayafi mai zane, ya yi salla da shi, da ya sallame ya ce a mayar wa Abu Jahm wanda ya ba shi, a kawo masa nasa marar ado, domin zanen ya ɗauke masa hankali. Bai ce mayafin haramun ne ba, ya dai fitar da shi daga sallarsa. Saboda haka ba a ajiye zane a alƙibla don neman natsuwa, ba a kuma haɗa kallonsa da wuridi a ce hanya ce ta kusantar Allah. Ibada sai da nassi.

Game da sanin kai, Musulunci ya riga ya buɗe wannan babi. Aya ta 21 a Suratuz Zariyat ta zaburar da mutum ya dubi kansa, aya ta 18 a Suratul Hashri kuma ta umarci kowace rai ta duba abin da ta gabatar domin gobe. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya keɓe littafi guda cikin Ihya'u ga tsaron zuciya da yi mata hisabi, wani kuma ga tafakkuri. A nan ne mai tambaya zai yi hattara. Masu koyar da wannan dabara sukan ce mutum ya lura da abin da ke zuciyarsa kawai, kada ya yanke masa hukunci. A matsayin matakin farko wannan daidai ne, domin wanda ke saurin ƙaryata zuciyarsa ba zai taɓa ganin cutarta ba. Amma Musulmi ba ya tsayawa a nan. Idan ya dubi zanen abokin karatunsa ya ji hassada ta motsa, ya gode Allah da Ya nuna masa ita, sannan ya nemi gafara ya yi wa abokin addu'a. Idan baƙin ciki ne ya taso, ya binciki tushensa ya kai ƙara ga Ubangijinsa, in ya yi nauyi kuma ya ga likita.

Ginin kabarin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda aka kashe a juyin mulkin Janairun 1966, an buɗe shi a 1979, kuma an tsara shi ne don a yi tunani. Mai ziyara yana bi ta wata hanya mai duhu da ke nuna zamanin mulkin mallaka, haske yana ɓullowa kaɗan-kaɗan, har ya fito fili inda kabarin yake babu rufi. Bin wannan hanya a tsanake ya halatta. Da zarar ya iso kabarin kuwa, hukuncin ziyarar kaburbura ne ke aiki: sallama, addu'a ga mamaci, da tuna lahira. Ba a shafar kabarin, ba a roƙon wanda ke ciki, ba a kuma riƙe wurin a matsayin ɗakin halwa. Hukuncin yin gini a kan kabari mas'ala ce daban da ba ta hana ziyara.

Mai tambaya ya ci gaba da darasinsa bisa sharuɗɗa biyar: ya guji mutum-mutumi da zanen tsiraici da alamun bautar wasu addinai, kada ya ƙudurta cewa zanen yana da albarka ko wani ƙarfi, kada ya furta kalmomin ibadar wani addini ko ya kwaikwayi zaman bautarsu, kada zaman ya ci lokacin salla ko haƙƙin iyaye da karatu, kuma ya bi abin da ya gano a zuciyarsa da gyara. Idan malaminsa ya kawo abin da ya saɓa wa ɗaya daga cikinsu, ya nemi a sauya masa cikin ladabi, ya kuma bayyana wa abokinsa wannan rarrabewa ba tare da jayayya ba.

Allah ne Mafi sani.