Tafiya Mabuɗin Ilimi, Amma Wa Ke Riƙe da Mabuɗin?

Kakanninmu sun ce tafiya mabuɗin ilimi. Mu mazauna Malanville mun saba da wannan karin magana, gama garinmu a bakin hanya yake zaune. Ga Kogin Kwara a arewa da mu, ga Gaya a ƙetare, ga kuwa babbar hanyar da ta miƙe kudu har Kwatano, tafiyar fiye da kilomita 700. Amma ya kamata mu tsaya mu auna maganar. Da a ce tafiya ita kaɗai takan ba da ilimi, da yaran mota sun fi dukan malamai sani. Mabuɗi ba ya murɗa kansa, sai an sami hannu. To, hannun wane ne?

Abin da ya tayar da wannan tambaya shi ne wata al'ada ta waɗansu iyalai a ƙasashen Turawa. Su ba sa kai 'ya'yansu makaranta, a gida suke koya musu. A Amurka doka ta yarda da haka a dukan jihohi 50 tun daga 1993. A Faransa kuwa an yi doka a 2021 cewa sai da izinin hukuma. Irin waɗannan iyaye sukan kwashi yara cikin mota lokacin hutu, su yi makonni suna zaga ƙasa. In sun ga kogi, darasin ranar a kan kogi ne. In sun ga tsohon gini, sai tarihi. A Benin dokar ƙasa ta 1990 ta wajabta karatun firamare, aka kuma soke kuɗin makarantun firamare na gwamnati a 2006. Saboda haka ba na ce wa kowa ya cire ɗansa daga lakwal. Hanya ba ta koya wa yaro haɗa baƙi, ba ta kuwa ba da takardar shaida. Duk da haka akwai abin da waɗannan iyaye suka riƙe wanda mu muke sakewa: sun san cewa tarbiyyar ɗa nawaya ce a wuyan mahaifinsa da mahaifiyarsa.

Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. A zamanin fatauci, ayarin goro yakan taso daga Kano ko Sakkwato, ya haye Kwara ta wajen Ilo ko Gaya, ya bi ta Kandi da Jugu har Salaga a ƙasar Gwanja. Tafiyar watanni ce. Saurayin da ya bi mahaifinsa yakan dawo ya san ɗaurin kaya, da lissafin wuri, da gaisuwa cikin Dandanci da Barbanci, da yadda ake shiga zango a gai da mai masauki. Amma ku lura, yaron nan ba shi kaɗai yake tafe ba. Akwai madugu, akwai jagaba, akwai uba ko kawu a gefensa mai cewa, "Duba nan, kada ka taɓa wancan." Jakin da ya yi tafiyar tare da su ya taka ƙasa ɗaya da su, bai kuwa dawo da kome ba sai gyambo.

Littafi Mai Tsarki ya nuna mana wannan a fili. A cikin Yoshuwa sura 4, da Isra'ilawa suka haye Urdun, an umarce su su ɗebo duwatsu 12 daga tsakiyar kogin su kafa. Dalilin kuwa shi ne, wata rana yara za su gani su yi tambaya, iyaye su amsa. Dutse ba ya magana. Aikinsa ya tayar da tambaya a bakin yaro, amsar kuwa tana wurin babba. Haka kuma Maimaitawar Shari'a sura 6 ta lissafta tafiya cikin lokatan da iyaye za su koya wa 'ya'yansu maganar Allah. Hanya tana cike da irin waɗannan duwatsu.

Bari mu ɗauki iyalin da suka tashi daga nan zuwa ziyarar Dasa, inda aka keɓe kogon Arigbo domin addu'a tun 1954, Kirista kuma suke taruwa kowane watan Agusta. Tun ba su bar gari ba darasi ya fara. Mai jin Hausa zai zaci sunan Malanville daga "malam" ya fito, alhali kuwa sunan wani gwamnan Faransa ne na Dahomai, Henri Malan. Daga wannan kaɗai uba zai iya bayyana wa ɗansa abin da ake nufi da mulkin mallaka. Sun bar fadamun shinkafa da lambunan albasa, sai gonakin auduga na wajen Kandi. Me ya sa abin da ake nomawa ya sāke? A Paraku za su ga inda hanyar jirgin ƙasa daga Kwatano ta tsaya, ba ta taɓa isowa bakin Kwara ba. Daga nan sai kunyoyin doya da itatuwan kashu, sai duwatsun Sabe da na Dasa. Harshe ma yana sākewa: Dandanci, Barbanci, Fulatanci, Yarbanci, har zuwa harshen Fon. Wanda ya sami ikon ƙarasawa Wida, zai tsaya da yaransa a bakin teku, wurin ƙofar tunawa da aka gina a 1995, ya faɗa musu yadda mutane suka sayar da 'yan'uwansu mutane, ya kuma faɗa musu abin da Allah yake cewa a kan haka.

Wani zai ce, "Malam, ni ban yi boko ba, ba ni kuma da kuɗin yawon hutu." Gaskiya ne, yawancinmu ba mu san tafiyar hutu ba. Amma muna zuwa biki, muna zuwa gaisuwar mutuwa, muna zuwa cin kasuwa. Uwar da take sayar da albasa a kasuwar Malanville ta san dala ɗaya sefa 5 ce, jaka ɗaya dala 200, tana kuma juya sefa zuwa naira a ka tun kafin ɗan makaranta ya fito da alkalami. Wannan lissafi ne. Manomi ya san ƙasa da launinta. Masunci ya san lokacin cikar ruwa da jansa. Abin da ya rage mana shi ne haƙurin amsawa. Sau nawa yaro yakan yi tambaya a cikin mota, a ce masa, "Rufe mana baki"? Yaron da aka kwaɓe sau uku ya daina tambaya, in kuwa ya daina tambaya a kan kogi, ba zai zo maka da tambayar da ta fi kogi zurfi ba sa'ad da ya balaga.

Akwai kuma darasin da yaro yake ɗauka a hanya ba tare da an buɗe baki ba, shi ne ya fi kama zuciya. A gida muna iya rufe halinmu, a hanya kuwa yakan tonu. Yaro yana ji sa'ad da uba ya rage masa shekaru a tasha don kada a biya masa kujera. Yana gani sa'ad da aka dunƙule kuɗi aka miƙa a shinge. Yana jin sunan da muke kiran wata kabila da shi bayan mun ci tuwonsu. Ranar Lahadi sai a kawo shi ajin katikizim a ce mu koya masa kada ya yi shaidar zur. Ina sa'a guda za ta kankare abin da ya gani da idonsa kwana biyu? Haka nan alheri. Yaron da ya ga mahaifiyarsa ta raba guzuri da baƙuwar da ke kusa da ita, ba ta tambayi addininta ba, ya gane misalin Basamariye tun kafin a karanta masa.

Gadarmu ma malama ce. An gina ta a 1958 domin ta haɗa gaɓa da gaɓa. Bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023 aka rufe ta, manyan motoci suka yi jerin gwano, mutane suka koma hayewa da kwalekwale. Yaranmu sun gani. In ba mu faɗa musu cewa Dandawa da Hausawan Gaya danginmu ne, kogi ɗaya muke sha, wani zai koya musu cewa na ƙetare abokin gāba ne.

Sai abu mafi nauyi. Waɗansunmu sukan fake da karin maganar nan su tura yaro hanya shi kaɗai. A ba da yarinya aikatau a Kwatano, a ba da yaro ga wani "kawu" da ba a san gidansa ba, a ce ai tafiya za ta buɗe masa ido. A 2003 an dawo da yara 'yan Benin masu yawa daga ramukan tsakuwa na wajen Abekuta a Nijeriya, inda ake sa su aikin da ya fi ƙarfinsu. Su ma sun yi tafiya. Ku tuna da Luka sura 2. Yusufu da Maryamu sun yi tafiyar yini guda suna tsammani yaron yana cikin ayari. Da suka duba ba su gan shi ba, ba su ce dangi za su kula da shi ba. Sun juya da ƙafarsu, suka yi ta nema har suka same shi. Iyaye da yawa a yau sun tsaya a kan "yana cikin ayari", shekara ta zagayo ba su juya ba.

Saboda haka, 'yan'uwa, mu kai yara makaranta, mu girmama malamansu, amma kada mu ɗauka mun sauke kaya ke nan. In tafiya ta kama, a ɗauki yaro ɗaya ko biyu gwargwadon hali, a zaunar da shi ta wajen taga. A faɗa masa sunan kowane gari. A bar shi ya biya kuɗin ƙosai ya ƙidaya canji. In ya tambayi abin da ba ka sani ba, ku tambayi wani dattijo tare, ya ga yadda babba yake neman sani ba tare da kunya ba. A yi addu'a da shi kafin a tashi, a yi godiya in an sauka. In an dawo gida kuma, a sa shi ya ba ƙannensa labari.

Ubangiji wanda ya yi tafiya da almajiransa biyu a hanyar Imuwasu yana buɗe musu Littattafai, ya ba mu haƙurin tafiya tare da 'ya'yanmu. Amin.