Mai Binne: Hikima ko Ganganci?

Duk wanda ya taɓa yin bazara a Badariya, cikin Birnin Kebbi, ya san halin watannin Afrilu da Mayu. Zafi kan wuce digiri 40, iska mai laima daga tekun Atlantika ta fara korar busasshiyar iskar hamada, mutum ya kwana yana sharce gumi. Da la'asar hadari ya haɗo daga gabas baƙi ƙirin, can sai iska ta watsa shi, ta bar jama'a da ƙura.

A irin wannan lokaci ne manomin tudu kan yi binne, wato ya shuka gero cikin busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba. To, mai karatu, wannan hikima ce ko ganganci?

Mu ƙaddara manoma biyu a hanyar Argungu sun yi binne rana ɗaya. Ruwa mai ƙarfi ya sauka a gonar na farko, ya riga kowa cin tumu. Na biyu kuwa yayyafi ya samu, iri ya tsiro, rana ta ƙone shi. Da kaka za a ce na farko gwani ne, na biyu kuma gaggawa ta cuce shi. Alhali kuwa aikinsu ɗaya, niyyarsu ɗaya, abin da suka sani ɗaya. Gajimare ne ya bambanta su, kuma babu wanda linzamin gajimare yake hannunsa.

Wani zai ce ai da na biyu ya jira. Amma daminar wannan yanki gajeriya ce, wata huɗu ne ko kusan haka, saboda haka mai jira ma kasada yake yi. Farin 1973 da na 1984 bai bar mai haƙuri ya ɗauki mai gaggawa ba. Haka ambaliyar 2010 da ta 2020 ta cinye shinkafar fadamar Gulbin Rima, ta ƙwararre da ta ɗan koyo.

A ganina, ba a rumbu ya kamata a auna mai binne ba, a ranar shuka ne. Ya shawarci dattawan da suka san ƙasar? Ya saurari hasashen masana yanayi? Ya rage iri a gida don maimai, ko kuwa ya zuba duka ya bar iyali a hannun hadari? Wanda ya yi waɗannan ya sauke nauyinsa, ko da gona ta ƙone. Wanda bai yi ba ya yi ganganci, ko da ya cika rumbu uku.

Mu ma a jami'a mukan yi saurin yaba wanda ya dace, mu zargi wanda ya faɗi. Kafin mu yanke wa mutum hukunci, ya kamata mu fara ware aikinsa daga aikin gajimare. Allah Ya ba mu damina mai albarka, amin.