Takardar Ɗan Ƙasa da Amanar Shaida

 

Ya 'yan'uwa, a ƙasashe irin su Amurka da Kanada, baƙon da aka amince ya zama ɗan ƙasa sai ya halarci taron rantsuwa. A Amurka yakan zo da takardar gayyata da katin zamansa na dindindin, ya amsa tambayoyi a kan abin da ya auku gare shi tun bayan ganawarsa da hukuma, ya miƙa katin, ya yi rantsuwa, sannan a ba shi takardar shaida. Ingila ma ta soma irin wannan taro a shekarar 2004. Mu nan Damagaram rantsuwarmu ba a zauren biki take ba, a gaban alƙali take. Mai neman takardar shaidar zama ɗan ƙasa yakan kai wa kotu takardar haihuwarsa da ta mahaifinsa ko mahaifiyarsa. Wanda kuwa ba a rubuta haihuwarsa a kan lokaci ba, sai ya zo da shaidu biyu su faɗi ko shi wane ne, ɗan wane ne, ina aka haife shi, a wace shekara. A kan maganarsu alƙali ke yanke hukunci, a kan hukuncin ake gina katin ɗan ƙasa da fasfo da sauransu. Ashe harsashin takardun nan duka harshen mutum biyu ne.

To, ga tambayar da muke so mu duba: shin ƙaryar da aka yi wa ofis ƙarya ce a wurin Allah?

Akwai masu cewa a'a, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce. Sukan ce a zamanin Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884, fatake na fita daga Zango su nufi Kano ko Agadas, ba mai tambayarsu takarda. Abin da ake tambaya shi ne wane ne mai masaukinka, wa ya san ka. Faransawa suka ci Damagaram a 1899, suka zauna da Ingilishi suka shata iyaka a yarjejeniyoyin 1904 da 1906, ba da shawarar kowa ba. Aka wayi gari wa yana Magarya, ƙane yana Ɓaɓura, kowa da ƙasarsa. Don me, in ji su, za mu ga laifin wanda ya ce a Matamaye aka haife shi alhali a Daura ne?

Mun yarda an raba dangi, mun yarda ba a yi mana adalci ba. Amma zaluncin wanda ya shata iyaka ba ya halatta mana shaidar zur. Mai shaida ba Bature yake yaudara ba, Bature ya tafi tun 1960. Alƙalin da ke zaune ɗan'uwansa ne, kuma sunan da yake rantsuwa da shi sunan Ubangijinsa ne. Ya tabbata a cikin Buhari da Muslim cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya jera shaidar zur tare da shirka da saɓa wa iyaye a cikin mafi girman zunubai. Malamanmu na Malikiyya kuma sun bayyana cewa rantsuwar da mutum ya yi a kan ƙarya da gangan ta fi ƙarfin kaffara, sai dai tuba. Ba su ware ofis ko kotun zamani ba.

Wajibi ne mu bambanta abu biyu. Dattijon da bai san ranar haihuwarsa ba, aka kintata masa da shekarar yunwa ko ta naɗin wani sarki, aka rubuta cewa wajajen shekara kaza aka haife shi, wannan bai yi ƙarya ba; iyakar saninsa ya faɗa. Amma wanda ya san shekarun ɗansa sarai, ya rage uku domin ya shiga jarrabawa ko aikin soja, wannan ƙagen ƙarya ya yi. Kada ya ce bai cuci kowa ba. Gurbin da ɗansa ya samu na wani yaro ne da ya faɗi gaskiya. Ma'aikacin da ya rage shekaru domin ya jinkirta ritaya, kujerar wani yake zaune a kai, albashin wani yake ci.

Mafi muni shi ne rubuta yaro da sunan baffansa ko maƙwabci domin takardun wancan sun cika. Suratul Ahzabi ta umurce mu da danganta kowa ga mahaifinsa. Yau ana ganin taimako ne. Gobe idan mutuwa ta zo aka zauna rabon gado, takardar nan ce za a fitar, ta shigar da wanda ba magaji ba, ta raba zumuncin da aka so a kyautata.

Akwai kuma wata ɓarna da ba mu cika lura da ita ba. Duk sa'ad da shaidar ƙarya ta yawaita, hukuma takan daina yarda da bakin mutane, sai ta tsananta sharuɗɗa. Wa zai sha wahala? Maraya, da makiyayi, da ɗan gudun hijira irin waɗanda rikicin Boko Haram ya koro zuwa jihar Difa, waɗanda ba su da abin nunawa sai mutanen da suka san su. Mai sayar da shaidarsa a ƙofar kotu, ƙofar waɗannan bayin Allah yake rufewa.

Alhali kuwa hanyar halal ta faɗaɗa. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1984 an gyara ta a 1999, uwa 'yar Nijar ta sami ikon bai wa ɗanta ƙasarta kamar yadda uba ke bayarwa. A 2014 kuma aka halatta riƙe ƙasa biyu. Saboda haka wanda aka haifa a Katsina, mahaifiyarsa 'yar Mirya, ba ya bukatar ƙago wa kansa wata mahaifa. Gaskiyarsa ta ishe shi.

Rubuta al'amari da kafa masa shaidu ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da shaidunsa ta sauka, kuma ta hana shaidu ƙin zuwa idan an kira su. Don haka wanda ya san gaskiyar haihuwar maƙwabcinsa, kada ya noƙe. Wanda bai sani ba, kada kunya ko 'yan kuɗin goro su sa ya ce ya sani.

Muna kira ga iyaye da su kai sanarwar haihuwa ma'aikatar magajin gari ko wurin da aka tanada a ƙauye, cikin makon suna, tun magana tana sabuwa. Muna roƙon limamai su riƙa tunatar da mahaifi bayan an shafa fatiha. Uban da ya yi haka ya tsare ɗansa daga neman shaidu bayan shekara ashirin, ya kuma tsare mutum biyu daga rantsuwa a kan abin da ba su gani ba.

Allah Ya tsare harsunanmu, Ya sa mu cika da gaskiya.