Wasan Tiyata Da Wuƙar Gaske

'Yan uwa, ana yawan tambayata hukuncin wasannin tiyata irin Trauma Center na Wii, inda za ka riƙe rimot kamar wuƙar likita, ka motsa hannu, ka tsaga ciki, ka ɗinke.

Ni dai ban ga haramci ba, matuƙar bai shagaltar da kai daga sallah ba. Ba a zubar da jinin kowa ba.

Tsorona daban ne. A wasan, in mara lafiya ya mutu, dannawa kawai za ka yi ka sake. A ɗakin tiyatar asibitin Gwamna Awan da ke Kakuri babu wannan maɓallin. Shi ya sa hadisin Abu Dawud ya ɗora biyan ɓarna a kan wanda ya yi wa mutane magani alhali ba a san shi da likitanci ba.

To, mai kemis da ke tsaga ƙurji a bayan kanta fa? Wanda ya kalli karatu uku a TikTok ya fara fatawar saki fa? Wallahi wasan suke yi, amma da mutanen gaske. Auren da ka raba da jahilci, ina za ka danna ya dawo?

Allah Ya sanar da mu iyakarmu.